Tabkin Tabalak: wa zai ɗauki dutse in ba a biya ba?

 Don Allah wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, ko ya ɗauki murya ya tura masa, domin maganar yau ta fi shafar waɗanda ba su riƙe da waya bisa mu masu riƙe da ita.

Makon jiya ina dawowa daga Abalak motarmu ta tsaya Tabalak, kamar yadda kusan kowace mota ke yi. Fasinjoji sunka watse wajen masu soyayyen kifi, direba ya buɗe gaban mota yana duban abin da shi kaɗai ya sani. Da na ga tsayuwar za ta yi tsawo sai na gangara bakin ruwa. Na tarar da wani dattijo masunci zaune gindin bagaruwa yana ɗinkin kalli. Munka gaisa, na ce masa: "Baba, bana kam kun samu ruwa." Ya dube ni, ya dubi tabkin, ya yi 'yar dariya. Ya ce: "Ɗana, faɗi na ka gani, ba ruwa ba. Wurin ga da kake kallo, da ina saurayi gorar jirgi ba ta taɓa ƙasa nai. Yanzu jikana na ratsa shi da ƙafa, wando nai ko jiƙewa ba ya yi."

Tun daga Tabalak har munka shigo Tawa, kilomita hamsin ɗin nan, maganar dattijon ke yi mini yawo a kai. Ita ta sa na zauna rubutun nan.

Yawancinmu in an ce tabki zai mutu, fari muke tunawa. Muna jin ai in dai Allah ya ba da damana, tabki ya tsira. Damanar 2024 da ta zo da ambaliya ƙasar nan duka, har ta ci rayuka da gidaje, ta ƙara mana wanga tunani: ruwa ko'ina, mi ya rage a ji tsoro? To abin ba haka yake ba. Ku ɗauki ƙwarya, ku cika rabinta da rairai, sannan ku zuba ruwa. Nan da nan za ta tumbatsa har ta zube, wanda ke kallo daga nesa ya ce ƙwarya ta cika. Amma ruwan da ke cikinta rabin na da ne. Haka tabki yake. In gindinsa ya cike, ruwan damana ba ya samun wurin zama, sai ya bazu, ya hau garake da gonaki, ya yi ɓarna. In iskar ɗari ta taso, rana ta biyo baya, ruwan da ba shi da zurfi shi ke fara ƙafewa. Ka yi asara da damana saboda ya yi yawa, ka yi asara da bazara saboda babu shi.

Rairan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Wani iska ke kwasowa daga jigawa, inda aka sare itace aka kuma kwashe ciyawa har saiwa. Mafi yawa kuwa ruwa ke kawo shi. Ruwan sama in ya sauka bisa fako ko dabagi, inda ƙasa ta daskare kamar siminti, ba ya shiga. Gudu yake yi. Ya tara ƙarfi bisa tudu, ya faɗa gebe, gebe ya kai shi ƙorama, ƙorama ta yi ta cin gaɓarta tana faɗaɗa, duk abin da ta ci kuma cikin tabki take amayar da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙorama bayan ruwan Agusta ya ga kalar ruwan: ja wur, mai kauri kamar kunu. Wannan jan ƙasar gonar wani ce, za ta je ta zama kabarin tabkin wani.

Ke nan ciwon yana bakin ruwa, amma maganinsa yana can bisa tudu, wani lokaci tafiyar rabin yini daga inda ake soya kifi. Ku riƙe wagga magana, za mu dawo kanta.

Wa ke ci daga tabkin nan? Masunta, da matan da ke soyawa da masu banda, da yaran da ke tallar tarwada da karfasa bakin titi. Masu noman rani da ke bin ruwa yana janyewa suna shuka, masu albasa da tumatir da kabewa, tun daga Tabalak har Kehehe. Buzaye da Fulani masu shayar da shanu da raƙuma, musamman lokacin hawa arewa da lokacin dawowa. Masu yin tubali. Direbobin hanyar Agadas. Sannan mu, mutanen birnin Tawa, da muke sayen kifi da kayan miya ranar Lahadi ba mu taɓa tambayar daga ina sunka fito ba. Har tsuntsaye: bayan dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida, akwai waɗanda ke ratso Sahara daga Turai duk shekara su yi ɗari nan su koma. Saboda su da saboda kifin ne a 2005 aka sa tabkin Tabalak cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Shekarar nan aka sa tabkin Dan Dutsi da na Lassuri can jihar Damagaram. Abin alfahari ne, ban musa ba. Amma takardar Ramsar ba ta tare rairai. Suna ne aka rubuta cikin littafi a Turai, ƙorama kuwa ba ta iya karatu ba.

Yanzu bari in faɗi laifina kafin in faɗi na wasu.

Shekarun baya, mu 'yan wata ƙungiyar matasa ta nan birni munka ce za mu yi aikin sa kai, mu ceci tabki. Munka yi karo-karo, munka buga riguna masu tambari, munka samo dashe, munka ɗauki mota ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Munka isa da hantsi. Munka dasa layi biyu bakin ruwa, inda hoto zai yi kyau, kowa ya durƙusa ya riƙe ledar dashe aka ɗauke shi. Kafin la'asar mun ci kifi mun juyo. Daren nan Facebook ya cika da mu, ana ta sa mana albarka. Ba mu tambayi mai garin ba sai gaisuwa. Ba mu tambayi ko wurin na wa ne ba. Ba mu bar ma kowa amanar ban ruwa ba, ba mu yi shinge ko na ƙaya ba. Bayan wata uku na bi ta wurin. Wallahi ko ɗaya ban samu ba. Rabi ruwa ya hau ya shanye su, don mun dasa inda tabki ke kaiwa in ya cika, abin da kowane yaro na garin ya sani. Sauran awaki sunka yi kalaci da su. Wata tsohuwa mai ɗibar ruwa ta gane ni, ta ce: "A'a, ɗiyan masu riguna! Kun zaka dibin itatuwanku?" Ban samu abin ce mata ba.

Abin da munka yi yawon buɗe ido ne da dashe a hannu. Kuma har gobe irinsa ake yi, kowace shekara, mutane daban, riguna daban, wuri guda.

Alhali mu 'yan Adar ba mu da uzurin rashin sanin yadda ake aikin gaske. Nan ƙasarmu aka yi shi, duniya ta zo kallo. Lokacin yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari, aka buɗe furojen Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na jagora, PAM na ba da abinci. Mazan garuruwa sun tafi bida, ba a bar kowa ba sai mata da tsofaffi da yara. To matan nan su ne sunka yi mafi yawan aikin. Su sunka haƙa ramummuka a jikin duwatsu, sunka jera dutse bisa fako, sunka cika gabiyon aka datse ƙoramu, sunka kafa shinge bisa jigawa. Cikin kamar shekara ashirin an dasa itace wajen miliyan 18, an raya ƙasa sama da hekta dubu 30 wadda da ko karangiya ba ta fitowa.

Innata tana cikinsu. Har ta rasu, tsakiyar kanta babu gashi, wurin gammo. In muna tafiya Keita munka hango duwatsun nan da sunka yi duhu da ɗakwara da kandili, sai ta nuna da baki ta ce: "Can ga, ni da ƙawayena munka yi shi." Ba ta taɓa cewa furoje ya yi ba. Amma kuma ba ta taɓa ɓoye cewa don abinci ta je ba. Ranar aiki, ranar awo: hatsi, mai, wani lokaci da gwangwani. Da shi ta ciyar da mu shekarar da rumbu ya zama ɗakin ɓeraye. Saboda haka in na ji ɗan boko zaune cikin fanka yana cewa "mutanen ƙauye sun lalace, ba su aiki sai an biya su", raina ɓaci yake. Wanda ya kwana da yunwa ba a yi masa wa'azin sa kai. Mace mai goyo da ta sassaƙi fako da diga tun safe har azahar cikin zafin Afrilu ta cancanci ladarta, ko a kuɗi ko a hatsi, kuma ba bara ta yi ba.

Sai dai akwai gaskiya guda mai ɗaci da ya kamata mu faɗa ma junanmu. Shekara arba'in na abinci-don-aiki da kuɗi-don-aiki sun canza mana tunani. Da can akwai gayya. Rijiya ta rufta, a buga ganga, gari ya fito. Zamanin Kunce samariya ta gina azuzuwa da hannunta. Yau kuwa, gabiyon ya yanke waya guda, duwatsu sun fara zubewa, gyaran da mutum biyar za su gama kafin azahar, sai a tsaya ana kallo. In ka yi magana a ce maka: "Na furoje na, su zaka su gyara abinsu." Damana guda, biyu, ƙorama ta ɓalle ta gefe, aikin miliyoyi ya tafi. Har na taɓa jin wani na cewa gara ya lalace, don in ya lalace ne za a sake kawo aikin kuɗi. Ban zarge shi ba sosai, lissafin talaka ne, amma lissafi ne da ke cin mai shi. Kuma tun bayan 26 ga Yulin 2023 kowa ya ga yadda masu ba da tallafi da yawa sunka dakata ko sunka rage. Ko mi mutum ke tunani bisa siyasar abin, magana guda ta fito fili: wanda ke jiran farar mota ta zo ta ceci tabkinsa zai daɗe bakin hanya.

To ina mafita, in ba za a ce ma mayunwaci ya yi aiki kyauta ba, kuma ba za a zauna jiran furoje ba?

Ku dubi Illela da Badagishiri. Ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela sunka je Yatenga ta Burkina Faso, sunka ga yadda ake haƙa 'yan ramummuka bisa fako a zuba taki a shuka hatsi ciki. Sunka dawo sunka gwada. Ita ce tassa da kowa ya sani yau. Wa ya biya dubban mutanen da sunka kwaikwaya daga baya? Babu. Maƙwabci ya ga damman maƙwabcinsa shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, shi ma ya ɗauki hauya. Har fakon da da ko kyauta aka ba ka ba ka so ya zamo ana saye da sayarwa. Haka a Maradi, inda manoma sunka koma barin tsiron gawo da sabara da kalgo cikin gona suna gyara shi maimakon sassabe shi duka: ya bazu ne lokacin da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ɗan gandun daji ba. Mutanenmu ba ƙyuya gare su ba. Suna aiki ba biya in sun san abin da ya fito nasu ne. Abin da ba su yi shi ne su zuba gumi bisa filin da gobe wani mai kuɗi ko mai hanya zai zo da takarda ya ce nasa ne.

Nan ne matsalar tabki take. Na ce muku ciwon na bakin ruwa, maganin na bisa tudu. Mai garkar albasa da masunci da dillalin kifi su ke cin riba in rairai ya tsaya. Amma wanda ake so ya haƙa rabin wata shi ne talakan da ke zaune can bisa dabagi, wanda wataƙila bai ci kifin tabkin nan sau uku a shekara ba. Don mi zai yi? In muna son gaskiya, mu juya tambayar. Sa kai ya hau kan wanda ke ci daga ruwan, da wanda cikinsa ke cike. Wato mu.

Ga yadda nake ganin abin, kuma ina maraba da wanda zai gyara mini.

Kafin a sa diga ƙasa, a zauna. Mai gari, sarkin ruwa, shugabannin makiyaya na Buzaye da na Fulani, masu garake, mata, mairi, ma'aikatan gandun daji. A zaɓi ƙorama guda, guda tak, wadda kowa ya yarda ta fi kawo rairai. A bi ta da ƙafa har inda ta faro. A tantance filin da za a yi aiki bisansa na wa ne, kuma in ciyawa da itace sun fito wa zai yanka, wa zai kiwata, yaushe. A rubuta, hukumar filaye ta Cofo ta sa hannu, tun da don irin wannan aka kafa ta ƙarƙashin dokar karkara ta 1993. Zaman nan ba ya hoto, ba ya daɗi, yana iya cin wata biyu ana gardama. Amma duk aikin da aka tsallake shi, ko awaki su cinye shi ko ya ƙare gaban alƙali.

Sannan aikin kansa. Masana aikin raya ƙasa na lissafa rabin wata 313 a hekta guda, kuma ƙaƙƙarfan mutum na haƙa kamar uku a yini. Ke nan hekta guda aikin mutum ɗari da 'yan kai ne na yini guda. Fada guda mai samari ashirin, in ta ba da yini biyar cikin rani, ta kusa gama hekta. Fada nawa ke cikin birnin Tawa? Ku ƙirga na unguwarku kaɗai, waɗanda ke kan tabarma da butar shayi tun hantsi har dare. Ban raina shayi ba, ni ma ɗan fada ne. Ga ɗaliban jami'ar Djibo Hamani, ga 'yan lise lokacin hutu, ga ƙungiyoyin 'yan kokowa da 'yan ƙwallo masu ƙarfin da ba a san inda za a kai shi ba. Ba cewa nake hekta goma ko ashirin za su ceci tabkin ba, ƙasar da ke zubo masa ruwa tana da faɗi ƙwarai. Amma ƙorama guda da aka kama tun daga kanta, aka jera mata dutse, aka watsa irin ciyawa cikin rabin wata, aka dasa gamba da aguwa a gaɓarta, bayan damana biyu kowa zai ga bambancin kalar ruwanta. Ganin ido shi ya yaɗa tassa, ba taron otel ba.

Lokacin aikin kuma rani ne, daga Janairu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Wanda ya zo a Agusta ya zo biki.

Wanda ba ya iya diga fa? Alhaji mai kamiyo ya ba da mota yini guda a kwaso dutse. Mai gidan mai ya zuba gazuwal. Dillalan kifi da na albasa su yanke wani abu bisa kowane kwando da kowane buhu, su da kansu, su riƙe asusun da kansu, a karanta shi a bainar jama'a duk wata, don mun san yadda asusu ke mutuwa ƙasar nan. Ku kuma 'yan bida, na san kuna gina masallatai garuruwanku, Allah ya saka. Amma garin da ke da masallaci uku ba ya buƙatar na huɗu kamar yadda yake buƙatar waya ta gabiyon. Ku tambayi malamanku ko tare ruwa don mutane da dabbobi su sha ba ya cikin sadaka mai gudana. Da kuɗin nan ne za a biya waɗanda ya wajaba a biya: matan ƙauyen tudu da za su yi aikin yau da gobe, da mai gadin da zai hana dabbobi shiga har shekara biyu ko uku. Ɗan birni ya ba da ƙarfinsa kyauta, talakan tudu a ba shi ladarsa. Ni a wurina haka adalci yake, ba a juya shi ba kamar yadda aka saba, inda mai riga mai tambari ke karɓar kuɗin zama, mai ɗaukar dutse kuma a ce mata ta yi don kishin ƙasa.

Akwai kuma sa kai da ba ya son ko diga, sai dai ya fi diga wuya, shi ne mutum ya hana kansa. Masunci ya bar kamun kifi da sange. Sangen da aka raba don sauro ya koma cikin ruwa yana kwashe 'ya'yan kifi da ko yatsa ba su kai ba. A zuba ɗiyan kifi bana, a kwashe su bana, baɗi a ce tabki ba ya da albarka. In masunta sun yarda a rufe ruwa wata biyu ko uku lokacin da kifi ke haihuwa, to ya hau kan kowa, har da ɗan sarkin ruwa da baƙon da ya zo da babban taru. Mai garka ya bar 'yar tazara tsakanin shukarsa da ruwa, kada ya tsaga gaɓa har baki, ya kuma lura da maganin ƙwarin da yake fesawa, don ruwan da ya wanke albasarsa shi kifi ke sha, shi yaransa ke wanka. Mai gatari ya bar bagaruwar bakin ruwa, ita ke riƙe gaɓa.

Sai maganar da ba a son taɓawa: mashaya da burtali. Tabalak na bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da doka ta shata tun 1961, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar ma dabba haƙƙin isa ga ruwa. Duk shekara garake na ƙara matsowa, hanyar da garke ke bi tana ƙara tsukewa, har ta kai saniya ba ta isa ruwa sai ta taka shukar wani. Daga nan sai sanda, daga sanda sai abin da ba mu fata. Mun ga inda irin wagga rigima ta kai wasu garuruwa na jihar nan, ba sai na kira suna ba. Ni ɗan manoma ne, amma ina faɗa: duk wani shirin gyaran tabki da aka yi ba da makiyayi zaune a wurin ba, shirin faɗa ne. Makiyayin nan shi ya san tudun da muke magana kansa fiye da kowa. In ya yarda a killace wuri shekara biyu don ya san ciyawar da za ta fito rabonsa na ciki, ya fi mai gadi goma. In bai yarda ba, ko waya aka ja sai ta kwanta.

Na san abin da wasu za su rubuto ƙasa: ai wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji. Gaskiya ne, kuma kada mu daina tambaya. Yashe tabki da manyan injuna, da gina babban madatsi, ba aikin fada ba ne, na gwamnati ne da mairi, kuma ya kamata wakilanmu su ji daga gare mu har su gaji. Amma ko yau aka yashe shi, in tudu na nan tsirara, shekara kaɗan ƙoramu za su maida abin da aka kwashe. Wasu kuma za su ce hanya ba lafiya, zamani ya canza. Shi ma gaskiya ne, shi ya sa ba a tashi a tafi haka nan, sai da sanin hukuma da na masu gari, a je da rana a dawo da rana. Mu na birni ma da ba mu iya zuwa Tabalak, ga tabkin Babaye nan cikin gari ya zama juji, leda da kwalabe sun rufe shi. Wannan kam ba ya bukatar kuɗin mota.

Ni dai na koma Tabalak ranar Talata, ba da riga mai tambari ba. Na zauna da dattijon nan da wasu mutum huɗu, sun nuna mini ƙoramar da suke ganin a fara da ita, sun kuma ce su za su kai maganar gaban mai gari da makiyaya, ba ni ba, don in ta fito daga bakin ɗan birni za a ɗauka furoje ne a fara tambayar nawa ake biya. Fadarmu mu goma sha huɗu ne, tara sun amsa, biyar sun ce sai sun ga an fara. Muna da diga shida da felu huɗu. Abin da ba mu da shi shi ne motar dutse, da wanda ya iya auna gangaren ƙasa don kada mu jera dutse a karkace ruwa ya raina mu. In akwai tsohon ma'aikacin Keita ko wata inna da ta yi aikin nan da hannunta tana kuma da ƙarfin zuwa ta tsaya kanmu ta nuna, don Allah 'ya'yanta su yi magana nan ƙasa, za mu zo har gida mu ɗauke ta.